Ranar da 'Ya'ya Suka Haɗiye Yaya

Wanda ya bar Yamai ya nufi arewa maso gabas, ya wuce Baleyara da Bonkuku, bayan tafiyar kilomita kusan 180 zai sauka a Filinge, babban garin ƙasar Kurfai, wanda ke zaune a kwarin Dallol Boso. Hausar da za ta fara dukan kunnensa a tasha ba irin ta littafin makaranta ba ce. A can farin abu hwari ne, lafiya lahiya ce, matafiyi tahiya yake yi, kuma uwa ba ta cewa 'ya'yanta, sai dai ɗiyanta. Cikin wannan Hausar wani yaro ya buɗe baki, a ɗakin kakarsa ta wajen uba. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, ya zama ɗalibin digiri na biyu a fannin kimiyyar harshe a Kano, ya kuma zaɓi karin harshen garinsu ya zama abin da zai rubuta kundinsa a kai.

Zaɓin bai zo masa da sauƙi ba. A watanninsa na farko a Kano, duk lokacin da ya amsa gaisuwa da “lahiya lau”, sai abokan karatu su yi murmushi, wani ma ya maimaita don a ƙara dariya. Ba da mugun nufi suke yi ba, amma abin ya isa ya sa shi tace maganarsa kafin ta fito. Kafin shekara ta zagayo ya iya Kananci, har ba a gane asalinsa sai in ya yi fushi ko yana waya da gida. Abin da ya fara dawo masa da ƙwarin gwiwa shi ne wata maƙala da ya ci karo da ita a ɗakin karatu, wadda J. G. Malka ya wallafa a mujallar Harsunan Nijeriya a 1978, inda ya kwatanta furucin Hausar Filinge da na daidaitacciyar Hausa. Ashe abin da ake yi masa dariya a kai, tun kafin a haife shi wani ya zauna ya yi masa nazari na ilimi.

Da hutu ya zo, sai ya ɗauki rikoda ya tafi gida. Kakarsa ce mutum ta farko da ya zauna da ita. Ya fara da kalmomin dangantaka: ya kawo mata bayanin abu, ita kuma ta faɗi sunansa sau uku, sa'annan ta sa shi cikin magana. Kowace kalma da fayil ɗinta, kuma sunan fayil ɗin shi ne kalmar kamar yadda ta fito daga bakinta. Tsohuwar ta ɗauki aikin wasan jika. “Maigida,” in ji ta, “mi za ni hwaɗa ma wannan abu da bai iya amsa gaisuwa?” Suka yi uba, suka yi uwa, suka yi kawu da gwaggo, suka yi ɗa da ɗiya, tana yi tana tsokanarsa.

Da aka zo kan yaya, ta faɗa sau ɗaya, ta yi shiru. Ya ɗauka ta gaji, har ya kai hannu zai kashe rikoda, sai ta ci gaba. Ta shiga ba da labarin yayarta, wadda ta goya ta, wadda kuma ta bi mijinta kudu a farin 1984, shekarar da a wurare da yawa na Nijar ake kira El-Buhari saboda rufe iyakar da Nijeriya ta yi a lokacin. Ta faɗi abin da suka rabu a kai, da ƙwaryar da yayar ta bar mata, da sunayen garuruwan da aka ce an gan ta. “Ta tahi,” in ji ta, “ba ta komo ba.” Kusan minti ashirin tana magana. Shi bai taɓa jin labarin ba, mahaifinsa ma gutsurensa kawai ya sani. Ya sa wa fayil ɗin suna yaya.wav kamar sauran. Bayan wata biyar Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa.

A Kano kuwa akwai wasu 'yan ƙananan manhajoji da ɗaliban nazarin kare-karen harshe suka gada daga waɗanda suka gabace su. Ba su da hoto ko maɓallin latsawa. Mutum yakan buɗe baƙin allon nan na Linux, ya rubuta umarni a layi guda, kwamfuta ta aiwatar: ta ƙirga sau nawa kalma ta fito a rubutaccen zance, ko ta jera kalmomi, ko ta ɗauko muryar da ake nema. Wannan shi ake kira layin umarni, kuma amfaninsa shi ne aikin da zai ci yini da hannu yakan ƙare kafin shayi ya huce. Sai dai duk wanda ya riƙe manhajojin ya bar tambarinsa. Umarnin ƙirga yana da sunaye uku: ƙirga, da kirga na wanda madannansa ba su da ƙugiya, da k'irga na wanda ya nemi tsaka-tsaki. Jakar muryoyin garinsu kanta ta rabu uku: Filinge, da Filingue, da Filingué irin na Faransanci. Da wanda ke kula da kayan ya kammala karatu, sai aka ɗora wa ɗan Filingen nauyin, don an ga yana da haƙuri da na'ura.

Ya karɓi aikin da zuciya ɗaya, ya ƙudura zai kawo tsari. Tunaninsa shi ne, idan ɗalibi yana son ya ji yadda ake furta kalma ɗaya a Sakkwato da Katsina da Filinge, ya kamata ya same ta da suna ɗaya. Wane suna kuwa ya fi cancanta in ba na daidaitacciyar Hausa ba? Don ya zama abin koyi, ya fara da jakarsa. Wani dare ya zauna yana sauya sunaye ɗaya bayan ɗaya da umarnin mv, wanda shi ne na sauya wa fayil suna ko wuri. Hwari ya koma fari, lahiya ta koma lafiya. Da ya zo kan fayil ɗin da kakar ta yi maganar ɗiyanta a jam'i, sai ya rubuta:

mv ɗiya.wav 'ya'ya.wav

Ya danna, kwamfuta ba ta ce uffan ba, ya wuce na gaba. Da ya gama, ya kwafe gyararriyar jakar a kan tsohon kwafin da ke cikin filas, don kada a sami iri biyu. Katin rikodar kuwa tuni ya share shi saboda tafiya ta gaba.

Sai bayan mako shida, yana son ya ciro jimlolin shuɗaɗɗen lokaci daga dogon labarin nan, ya buɗe yaya.wav. Ya ji muryar kakarsa tana cewa “ɗiya, ɗiya, ɗiya”, ta ƙara jimla guda, fayil ya ƙare. Daƙiƙa goma sha ɗaya. Ya sake buɗewa, ya sake jin haka. Ya nemi 'ya'ya.wav, babu shi ko'ina.

Ga abin da ya faru. Manhajar da ke karɓar umarni a Linux, wadda ake kira bash, ba ta ɗaukar ɗan waƙafin saman nan a matsayin harafi. A wurinta alamar zancen wani ce: na farko yana buɗe zance, na biyu yana rufewa, sa'annan ta zubar da su duka biyu, ta miƙa abin da ya rage. Saboda haka abin da ya isa ga mv ba 'ya'ya.wav ba ne, yaya.wav ne. Shi kuwa mv, in ya tarar da wani fayil mai sunan da aka ba shi, yakan maye gurbinsa ba tare da tambaya ba, sai fa in an haɗa masa da -i. Da a ce kalmar 'ya ce, mai waƙafi ɗaya, da manhajar ta tsaya tana jiran a rufe zancen, da ya ankara. Ninkin kalmar ne ya kawo waƙafi na biyu, ya rufe abin da na farko ya buɗe, komai ya tafi lami lafiya. Da ya gane a daren, wataƙila da masu tono ɓatattun fayil sun ceto wani abu. Bayan mako shida na kwafe-kwafe, wanda ya kai wa kwamfutar ya yi iya ƙoƙarinsa, bai samo komai ba.

Kwana biyu yana jin haushin na'ura, kafin ya yarda cewa ba ta yi kuskure ba. Ta bi ƙa'idar da aka gina ta a kai tun zamanin Unix na shekarun 1970, lokacin da kwamfuta ke aiki da jerin alamomi na ASCII, mai gurbi 128 kacal, wanda aka tsara don Ingilishi.  Tun 1991 tsarin Unicode ya zo, ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne lambarsa, shi ya sa ɗiya.wav ya zauna wata da watanni ba abin da ya same shi. Amma sautin farko na 'ya'ya bai sami hutu ba, domin ƙasashen biyu ba su rubuta shi iri ɗaya. An yi taron Bamako na 1966 a ƙarƙashin UNESCO, an yi na Yamai na 1980 don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, an kuma sami kusanci mai yawa, amma har yau Nijeriya na rubuta 'y, Nijar kuwa ƴ, kamar yadda ƙa'idar da ma'aikatar iliminta ta fitar a 1999 ta tanada. Shi kansa waƙafin kala uku ne a kwamfuta: miƙaƙƙe na kan madannai, da lanƙwasasshe wanda Word ke sakawa da kansa, da wani na uku da Unicode ke lissafawa cikin haruffa. Ido yana ganin su kusan ɗaya, na'ura kuwa kowanne da lambarsa.

Da ya kai nan a tunani, sai ya ce wa kansa: da na rubuta ƴaƴa irin na ƙasarmu, da ban yi wannan hasara ba. Da wannan bayanin ya je wurin malamin da ke duba kundinsa. Malamin ya saurare shi har ya gama, ya yi masa ta'aziyya karo na biyu, sa'annan ya tambaye shi: “Kai da ka je Filinge, ɗiya ka je ɗaukowa ko 'ya'ya?”

“Allah ya gafarta Malam, ai abu ɗaya ne.”

“In 'ya'ya kake nema, me ya kai ka biyan kuɗin mota? Ga su nan cike da Kano.”

Malamin ya tuna masa abin da ya riga ya karanta amma bai taɓa ɗora shi a kan kansa ba. Masana tarihin Hausa, ciki har da Paul Newman, sun nuna cewa 'y sabon sauti ne a harshen, kuma daga ɗiya aka sami 'ya. Wato abin da kakarsa ta faɗa shi ne tsohon gini, abin da ya maye gurbinsa da shi kuwa jikansa ne. Ya fito ofishin yana sane da cewa ba ƴ ce za ta cece shi ba. Babu abin da ya sami fayil ɗin sai da ya kai hannu zai gyara wa tsohuwa magana. Tacewar nan da ya koya wa bakinsa a watanninsa na farko a Kano, ita ce ta gangaro har yatsunsa. Garin neman gira ya rasa ido.

Bai ajiye aikin kula da manhajojin ba. Ya koma kansu da ra'ayi guda wanda ya gina sauran duka a kai: daidaitawa aikin wurin nema ce, ba a yin ta a jikin abin da aka ajiye. Daga nan ya rubuta ƙa'idojin suna, ya kawo su gaban 'yan'uwansa ɗalibai.

Ta farko ita ce, sunan fayil ba wurin ajiye kalma ba ne. Kowace murya za ta sami lamba mai ɗauke da gari, da mai magana, da jerin ɗauka, kamar fil-m01-007, da ƙananan haruffa marasa ƙugiya, da alƙaluma, da karan ɗori kaɗai. In an sa suna, an sa ke nan har abada. Wannan ya kashe rigimar Filinge da Filingué, wadda ma ta fi yadda ake zato zurfi, don é kanta hanya biyu ake rubuta ta a Unicode, ko harafi guda ko e da alamarta daban, har a sami jaka biyu masu suna iri ɗaya a ido.

Ta biyu, kalmomi za su koma cikin wani jadawali na daban. Kowace lamba tana da layinta: kalmar yadda mai magana ya furta ta, da yadda ake rubuta takwararta a Nijeriya, da yadda ake rubuta ta a Nijar, da ma'anarta. Mai nema ya rubuta 'ya'ya da kowane irin waƙafi, ko ƴaƴa, ko ɗiya, duk wuri ɗaya za a kai shi. Da yake ya san bash za ta sake cinye waƙafin in an rubuta kalmar a layin umarni, sai ya sa umarnin nema ya fara buɗewa tukuna, sa'annan ya tambayi mutum kalmar da yake so, ta yadda za ta iso gare shi da kayanta cikakku.

Ta uku, babu umarnin da zai sake taɓa asalin murya. An kulle jakar asali, sai saurare da kwafa. Duk umarnin da zai sauya wani abu kuwa, sai ya fara nuna abin da zai yi, ya jira a ce masa i, kuma in ya tarar da suna a gabansa ya tsaya.

Ta huɗu ce ta jawo muhawara. Ya ba da shawarar a daina sa haruffa masu ƙugiya a sunayen umarni, domin ba kowace kwamfuta ce aka saita madannanta ba, kuma rashin saitin ne ya haifi kirga da k'irga. Wani ɗalibi Bakano ya miƙe ya ce wannan miƙa wuya ne. An sha wahala tun shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya, kafin haruffan nan su zauna a rubutun boko, yanzu kuma a zubar da su don jin daɗin na'ura? Ya kawo baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da daidai da ɗaiɗai. Ɗan Filingen ya ce ya yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ba zai taɓa rubuta kirga ba, don kirga ba kalma ba ce. Amma Hausa ba ta yi talaucin da za a rasa wata kalmar ba. A maimakon ƙirga a ce lissafa, a maimakon ɗauko a ce kawo, ga nemo, ga jera, dukansu aikatau ne a sigar umarni, kuma babu wanda aka yanke wa ƙugiya. A cikin jadawali da rubutaccen zance kuwa, ƙugiya wajibi ce, har ya sa manhajar ta riƙa yin gargaɗi in ta ga k' ko d' a inda ƙ ko ɗ ya kamata su zauna. Bakanon ya yi shiru, can ya ce in haka ne ya amince, amma da sharaɗin jera ya bi tsarin ƙamus. Gaskiyarsa kuwa, don kwamfutar da ba a saita ba da lamba take jerawa, sai ta jefa ɓ da ɗ da ƙ can bayan z. Aka gyara: ɓ ta bi b, ɗ ta bi d, ƙ ta bi k, 'y da ƴ kuma suka zauna gurbi ɗaya.

Ta biyar ita ce wadda shi da kansa ya fi jin nauyinta. Ba za a kashe tsofaffin sunaye rana ɗaya ba. Akwai ɗalibai da ke tsakiyar kundinsu, sun rubuta matakan aikinsu a littafi da ƙirga da ɗauko, wasu ma sun saka su cikin nasu 'yan manhajojin. Wanda ya sauya suna a dare ɗaya don ya ga tsari ya yi kyau, ya karya wa waɗannan aiki ba da saninsu ba. Saboda haka tsohon suna zai ci gaba da aiki har shekarar karatu guda, sai dai duk lokacin da aka kira shi zai faɗi sabon sunan da ranar da zai daina amsawa. Aka kuma buɗe fayil guda inda ake rubuta kowane sauyi da dalilinsa, don wanda zai gaji aikin kada ya tarar da abin da shi ya tarar.

Saura alamar harshe. A tsarin da duniya ke bi, Hausa ha ce, ana ƙara mata NE in ta Nijar ce, NG in ta Nijeriya ce. Tsarin bai san Kurfai ba, amma ya bar ƙofa ga mai son ƙara nasa bayani bayan harafin x. Sai ya sa wa muryoyin garinsu ha-NE-x-kurfai. Wani ya tambaye shi me ya sa bai rubuta Kourfey kamar a takardun gwamnati ba, ko Kurhwai kamar yadda bakin tsofaffi ke faɗa. Ya ce alama guda ake bukata don na'ura, ya zaɓi wadda kowa zai iya bugawa, sauran kuwa duk suna cikin jadawali, babu wanda aka goge.

Da ya zo raba wa muryoyin kakarsa lambobi, ya bi su bisa jerin da aka ɗauke su. Ta bakwai ita ce yaya. Abokinsa Bakano ya ce ya tsallake ta, ya ba ta gaba lambar, tunda babu abin da za a saurara. Ya ƙi. Layin fil-m01-007 yana nan a jadawali, an rubuta a gabansa cewa muryar ta ɓace, da yadda ta ɓace. A ƙarƙashinsa ya rubuta duk abin da ya iya tunawa na labarin, da Hausar da ta faɗe shi gwargwadon abin da kunnensa ya riƙe, ya kuma sa alamar cewa daga tunawa ne, kada wani ya ɗauke shi hujjar furuci.

Da hutu ya sake zagayowa ya koma Filinge, ya zauna da gwaggonsa, babbar ɗiyar marigayiyar. Ya gaya mata abin da ya yi, bai rage komai ba. Ta yi salati, ta ce, “Ɗana, abin da ya tahi ya tahi. Kunna abin naka.” Ta ba da labarin yadda ita ta san shi, tana budurwa lokacin da aka yi rabuwar. Wasu garuruwan da ta ambata ba su ne kakar ta faɗa ba, ƙwaryar kuwa ta ce tana nan a ɗakinta, ta tashi ta ɗauko ta. Ya sa wa wannan murya fil-m02-001, ya kwafe ta wuri uku kafin ya kwanta.

Yanzu duk ɗalibin da ya buɗe nemo ya rubuta 'ya'ya, za a jero masa muryoyi daga garuruwa dabam-dabam. A cikinsu akwai wata ta daƙiƙa goma sha ɗaya, inda wata tsohuwa 'yar Kurfai ke cewa ɗiya sau uku, da dariya a muryarta. A gaban lambarta, a gurbin yadda aka furta, ɗiya aka rubuta.